Fagen lafiya: ƙarar da ba mai jin ta sai mai ita

Duk wanda aka taɓa yi ma allurar kinin saboda masassara ya san wannan ƙara: kunne ya yi ta tsuwa kamar gyare ya shiga ciki. Ta kinin takan wuce in an gama magani. Amma akwai waɗanda tasu ba ta barin su, dare da rana, har barci ya gagara. Faransawa na ce mata akufen, kuma wani ƙiyasi na 2022 ya nuna kimanin 14 bisa 100 na manyan mutane a duniya suna jin ta.

Kunne ake tuhuma, shi ake ɗiga ma mai, shi ake sosawa da tsinke. Alhali likitoci sun daɗe da lura cewa ko an yanke jijiyar da ke kai saƙo daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, sau da yawa ƙarar tana nan.

Can cikin kunne akwai ƴan ƙwayoyi masu gashi, su ke maida sauti saƙo. Rugugin injin niƙa, tsufa da wasu magunguna na kashe su, kuma ba su sake tsirowa. Da saƙo ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta yi abin da mai rediyo ke yi in tasha ta yi nisa: ta ƙara murya, ta koma jin shuwar kanta.

Ana iya auna wannan, domin ƙwaƙwalwa na aiki da ɗan lantarki mai kaɗawa. A 2005, Natan Wais da abokan aikinsa na jami'ar Konstans, a Jamus, sun gano cewa ga masu wannan larura kaɗawar alfa, mai bugu 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wadda ke tafiya da hutawa, ta ragu wajen sashen ji, ita kuwa delta mai nawa ta ƙaru. A 2015 masanan Niyukasil da Ayowa suka bi abin cikin kan wani mai farfaɗiya da aka sa ma wayoyin awo kafin tiyata, suka tarar motsin ya wuce sashen ji nesa. Watakila shi ya sa har yau babu ƙwayar da ke kashe ta.

Na'urar ƙara ji na sauƙaƙa ma wasu, haka ma ɗan sauti mai laushi lokacin kwanciya. Mai injin niƙa kuwa gara ya toshe kunne tun yana ji. In ƙarar a kunne guda take, ko tana bugawa tare da zuciya, a tafi wurin lokotoron kunne ba da jinkiri ba.