Dogon Fom Yana Korar Talaka Daga Tallafi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi kira ga hukumomi da bankuna game da fom ɗin da suke sakawa a intanet duk sanda aka ce za a ba manoma taki ko a ba 'yan tireda rance.

Abin da na lura da shi, mutanenmu suna son nema, tsawon fom ɗin ne ke kayar da su. Mutum zai fara da zafinsa, ya sa suna da lambar waya. Shafi na biyu a ce ya kawo imel. Na uku a ce lambar gida da sunan layi, alhali mu a ƙauye kwatancen gida shi ne bayan masallaci ko gindin tsamiya. Na huɗu a ce girman gona da hekta, mu da muka saba sanin gona da yawan damin da take bayarwa. Daga nan sai hoto, a ce ya yi nauyi a rage shi. Kowace tambaya da mutanen da take zubarwa a hanya.

Yawancinmu kuma ƙaramar waya gare mu, dole sai an je gari wajen mai shagon kwamfuta. Ga kuɗin mota, ga ladan mai cikawa, ga yinin gona ko na kasuwa ya tafi. Idan sabis ya ɗauke a shafi na biyar, komai ya goge, a koma farko. Wa zai yi wannan sau uku, ga damina ba ta jiran kowa? Balle mata masu ƙosai da ƙuli-ƙuli, su ko farawa ba sa yi. Ga kuma haɗarin miƙa lambar banki ga yaron da ba ka san shi ba.

Na san za a ce yawan tambaya don maganin 'yan damfara ne. To amma jama'a mu duba, wa ke da kwamfuta da Turanci da lokacin zama ya cika shafi goma? Ai manomin biro ne, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Shi zai kai ƙarshe, na gaskiyan ya gaji ya koma gida, sannan a ce manoma ba su nema ba.

Abin mamaki, an riga an san mu. Tun 2014 aka fito da BVN, aka ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu. A ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, muka sha layi cikin rana muka yi. Suna da ranar haihuwa da hoto duk suna can. Me ya kawo sake tambaya?

Kuma ba a ce ba a taɓa sauƙaƙawa ba. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, saƙo ne ke shigowa ƙaramar waya, ka je ka karɓi buhu 2 na taki a rabin kuɗi. A 2018 ma'aikatan TraderMoni har rumfa suke bin 'yan kasuwa suna rubuta su domin rancen naira 10,000. Duk da ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansu, talaka bai yi fama da shafi goma ba.

Don haka ina roƙon a taƙaita: suna, lambar waya, NIN, ƙauye da mazaɓa, sai sana'a ko abin da ake shukawa. A rubuta da Hausa, a kuma yi shi yadda ƙaramar waya za ta iya, kamar yadda muke danna lambobi mu tura kuɗi. In sabis ya yanke, mutum ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sauran bincike a turo malamin gona ya zo da ƙafarsa, mai unguwa ya nuna masa gonar.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Jihar Katsina.