Tarin fukan shanu a Ingila: an bar jaki ana dukan taiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a abatuwa da sassafe, ya ga an tsaga huhun saniya mai ƙiba an tarar da ƙulalai masu kama da cuku a ciki, ya san munafuncin tarin fukan shanu. Dabba tana ci, tana sha, tana ba da nono, alhali ciwo ya daɗe yana cin ta. Tambayar farko da mai ita yake yi kuwa ita ce: wa ya kawo mini wannan? A Ingila, sama da shekara 50 ke nan da wasu suka ce sun gano mai laifin, wato dage.

Dagen nasu ɗan'uwan namu ne mai fasa amya, amma halinsu ya bambanta. Na Turai zaman dangi yake yi cikin ramuka, kowane gida da iyakar yankinsa, da dare yake fitowa neman tana a filayen da shanu ke kiwo. A 1971 aka fara samun ƙwayar cutar a jikinsa a yankin Gloucestershire. Yana kamuwa, yana kuma zubar da ƙwayar ta miyau da fitsari da kashi. Wannan ba abin musu ba ne. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko kashe shi yana rage ciwon a cikin shanu. Ni a ganina yana iya ragewa kaɗan, da tsada mai yawa, amma ba nan ne babbar ƙofar da cutar ke shiga garke ba.

Ingila ta yi abin da ba kowace ƙasa ke iyawa ba, ta gwada maganar a fili. Daga 1998 zuwa 2005 aka ware yankuna 30, kowanne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, aka kasa su uku. A kashi na farko aka riƙa kashe dage ko'ina, a kai a kai. A na biyu sai an samu ciwon a wani garke a kashe na kusa da shi. Na uku ba a taɓa komai ba, don a samu abin kwatantawa. An kashe dage kusan 11,000.

Sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki. A kashi na biyu ciwon ƙaruwa ya yi, har aka dakatar da aikin a 2003. A na farko kuma sabbin kamuwa sun ragu da kusan kashi 23 cikin 100 a cikin yankin, amma a gonakin da ke kewaye da shi, tazarar kilomita 2, sun ƙaru da kusan kashi 25. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Muddin gidan dage yana zaune lafiya, kowa na tsare iyakarsa, mai ciwo ba ya nisa. Da zarar an kashe wasu, waɗanda suka tsira sai su bazu, su shiga ramukan da ba nasu ba, su kai ƙwayar inda da ba ta. Mai gona ya samu sauƙi, maƙwabcinsa ya biya kuɗin. A 2007 kwamitin masanan da ya kula da gwajin, ƙarƙashin Farfesa John Bourne, ya yanke cewa kashe dage ba zai ba da wata gudummawa ta a-zo-a-gani ba wajen shawo kan cutar a Birtaniya.

Adalci ya sa in faɗi sauran labarin. Bayan an daina kisan, illar da aka gani a gefe ta dushe, amfanin cikin yankin kuma ya ɗan jima. Da aka haɗa riba da hasara, masana sun ƙiyasta raguwar kusan kashi 16 cikin 100 a tsawon shekara tara, in yankin yana da faɗi kuma an dage da aikin shekara huɗu a jere. Da wannan hujjar gwamnati ta ba da izinin harbi a 2013, duk da dokar 1992 da ke kare dabbar. Aka fara a Gloucestershire da Somerset, aka yi ta faɗaɗawa. Zuwa 2024 an kashe fiye da 230,000.

Masu goyon bayan kisan suna da alƙaluminsu. Binciken hukumar lafiyar dabbobi ta gwamnati da aka buga a 2024 ya nuna raguwar kusan kashi 56 cikin 100 bayan shekara huɗu a yankunan da aka yi aikin. Ban raina wannan adadi ba. Sai dai a lokaci guda, a yankunan nan, an ƙara tsananta awon shanu, an shigo da awon jini mai kama dabbobin da awon fata ya tsallake, an kuma matsa wa masu gonaki su gyara tsaron rumbunan abinci da wuraren shan ruwa. Wanda ya sha magani uku rana ɗaya ya warke, ba zai iya rantsuwa da wanda ya yi aikin ba. Wasu masu bincike da suka kwatanta yankunan kisa da waɗanda ba a yi ba, a 2022, sun ce ba su ga bambanci ba. Gwamnati ta yi watsi da lissafinsu, gardama kuma ba ta ƙare ba.

Ba na zargin makiyayin Ingila da ya ce a kashe. A duba halin da yake ciki. In an samu dabba ɗaya mai ciwo, an rufe garkensa: ba saye, ba sayarwa, sai zuwa yanka. Kowane kwana 60 a sake awo. A tafi da saniyar da ya rena tun tana maraƙa, wani lokaci da ciki. Ingila na yanka shanu sama da 20,000 a shekara saboda wannan cuta, gwamnati na kashe kusan fam miliyan 100. Mutumin da ya shekara goma bai sayo ko karsana ɗaya ba, sannan ciwo ya ɓulla masa, ga ramin dage a bakin shingensa, yana da dalilin nuna yatsa.

To amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Awon da aka dogara da shi allura ce a fatar wuya, a dawo bayan awa 72 a auna kumburi. Ko an yi shi daidai, yana tsallake kusan ɗaya cikin kowace dabba biyar masu ciwo. Wadda ta tsallake tana nan cikin garke da takardar lafiya, tana numfashi a rumfa ɗaya da sauran duk tsawon hunturu, ko kuma a ɗora ta a mota zuwa kasuwa. A 2001, lokacin annobar ciwon baki da kofato, an dakatar da awon tarin fuka na watanni, daga baya aka sake cika gonakin da aka share da shanun da aka sayo daga wasu yankuna. Cutar ta bi su. A gabashin Cumbria, binciken asalin ƙwayar ya nuna daga Ireland ta Arewa ta zo cikin shanun da aka sayo, sannan ta faɗa wa dagen wurin. Dage ba ya ƙetare teku.

Akwai wani lissafi da ɓangarorin biyu ke jawowa. Masanan da suka sake duba bayanan gwajin a 2013 sun ƙiyasta cewa, a inda ciwon ya yi katutu, kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai na garkunan da suka kamu suka ɗauka kai-tsaye daga dage. In an lissafa yadda waɗannan suka ba wasu garkuna, rabon dage na iya kai rabi. Ni abin da na karanta a ciki shi ne, dage na iya yar da garwashi, amma shanu ne ke kai wutar gari-gari. Wanda ya toshe hanyar saniya zuwa saniya ya rage har da ɓarnar da dage ya fara. A 2024 sabuwar gwamnati ta ce za ta kawo ƙarshen kisan kafin wa'adinta ya cika, ta koma ga yi wa dage rigakafi da gwada allurar shanu, wadda aka soma gwajinta a gonaki tun 2021. Da ƙarfin da aka zuba a harbi tun farko nan aka zuba shi, ina jin da an fi haka nisa.

Me ya shafe mu? Ƙwayar ɗaya ce. Binciken da aka buga a 2011 kan shanun Torodi ya samu alamar cutar a kusan 4 cikin 100. Bambancinmu da Ingila shi ne, can madarar da aka dafa ta raba mutane da ita. A shekarun 1930, kafin dafa madara ya zama ruwan dare, tana kashe kusan mutum 2,500 a shekara a Birtaniya. Mu kuwa har yanzu yaro na shan ɗanyar madara daga ƙwarya, kuma ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka ba ya cin wannan ƙwayar.

Ba mu da fam miliyan 100, ba mu da diyyar biyan kowace saniya. Abin da ke hannunmu ya fi araha: a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita, a ware dabbar da ke tari tana ramewa daga rijiya da garke, kada a tura ta kasuwa ko a ba da ita haɓɓanaye, in kuma mai duba nama ya ga ƙulalan nan a abatuwa a bi sawu har garken da ta fito. Ingila ta kashe dage 230,000, kuma har yau aikin da ya rage mata shi ne gano saniya mai ciwo kafin ta hau mota.