Allon Tatsuniya: Aikin Da Ya Kamata Fatakenmu Su Ɗauka A Anloga

Duk wanda ya taɓa rako motar albasa daga Galmi zuwa Kumasi ya ji sunan Anloga, unguwar nan ta Oforikrom da ke bakin hanyar Accra, wadda ta samo sunanta daga garin 'yan ƙabilar Ewe na bakin teku. An san ta da sauke albasa, an kuma san ta da kafintoci, domin shekara da shekaru nan ce cibiyar sana'ar katako a birnin, kafin a ƙarshen shekarun 2000 hukuma ta kwashe yawancinsu zuwa Sokoban saboda aikin titin da ya haɗa Oforikrom da Asokwa. Mutanenmu na zaune a cikinta da kewayenta, ga Aboabo da Asawase nan kusa. To a yau ba zancen farashi zan yi da ku ba, 'yan'uwa. Zancen yaran da muke bari a gida ne idan mun kama hanyar Paga ko Sankasi, da wani ɗan ƙaramin abu da nake ganin bai fi ƙarfinmu ba.

A ɗakunan karatu na yara a Amurka da Ingila akwai wani lokaci da ake warewa na ba da labari. Mai ba da labarin kan jingina wani allo da aka lulluɓe da ƙyalle mai gashi-gashi, irin wanda ake yin hular dara da shi, sa'an nan ta riƙa fito da siffofin dabbobi da mutane da aka yanka daga irin ƙyallen, tana mannawa ɗaya bayan ɗaya yadda labarin ke tafiya. Babu ƙusa, babu gam, babu wutar lantarki. Gashin ƙyallen ne ke sarƙe juna ya riƙe siffar, in an gama da ita a ɓamɓare a ajiye. Dabarar ba sabuwa ba ce a Afirka ma, masu wa'azin Kirista sun daɗe suna koyar da yara da ita, haka nan ma'aikatan lafiya, har littafin David Werner na horar da ma'aikatan lafiyar karkara da ya fito a 1982 ya yi bayanin yadda ake haɗa ta da kayan gida. Ni dai allon tatsuniya nake kiransa, kuma ra'ayina shi ne a yi shi a Anloga, da hannun mutanen Anloga, da kuɗin 'yan kasuwa, a kuma ba da labarin da Hausa.

Dalili kuwa a fili yake. A Ghana harsuna 11 ne gwamnati ta daɗe tana buga littattafan makaranta da su, irin su Twi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja, amma babu Hausa a ciki, duk da cewa gidan rediyon ƙasar na watsa shiri da ita, kuma ita ce harshen da ya haɗa zanguna tun daga Bawku har Nima. Idan ba a manta ba, a 2002 gwamnatin Kufuor ta ce a koyar da yara da Turanci zalla tun daga aji ɗaya, daga baya aka dawo da harsunan gida a ƙananan azuzuwa a ƙarƙashin shirin NALAP wajen 2010. An tafi an dawo, ɗan zango bai ga harshensa a kan allo ba ko sau ɗaya. Yaron da ya tashi da Hausa a ɗaki, sai ya je makaranta ya tarar da Twi da Turanci, da yamma kuma ya tafi makarantar allo ya tarar da Larabci. Harsuna uku yake kokawa da haruffansu, wanda yake mafarki da shi kuwa ba a taɓa nuna masa cewa shi ma ana rubuta shi ba. Gwajin karatun da aka yi wa 'yan aji biyu na firamare a faɗin Ghana a 2013 ya nuna cewa kimanin 2 cikin 100 ne kawai ke iya karantawa sumul su kuma fahimci abin da suka karanta. Wannan fa har da yaran da aka buga wa littafi da harshen iyayensu ke nan, balle namu.

Abin takaici shi ne, ƙasar nan tana cikin wuraren da aka fara rubuta tatsuniyoyin Hausa. Littafin da Bature Rattray ya buga a 1913, juzu'i biyu, wani malami ne da ake kira Malam Shaihu ya rubuta masa shi da ajami a nan ƙasar, a zamanin da ake kiranta Gold Coast. A nan ne kuma Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga da Kete Krachi yana koyarwa yana rubutu da Hausa da Larabci har ya rasu a 1934. Wato kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja neman goro ba jakuna da kanwa kaɗai suka zo da su ba, sun zo da alƙalami, sun zo da Gizo da Ƙoƙi. Da suka iso kuma sai suka tarar masu ƙasa suna da nasu gizon, Ananse, mai wayo da haɗama kamar namu. Yau tambayi ɗan shekara bakwai a Aboabo, zai iya ba ka labarin Ananse domin ya gan shi a littafin makaranta, amma da wuya ya san wace ce Ƙoƙi.

Wani zai ce ai akwai ɗakin karatu na gwamnati. Gaskiya ne akwai. Ghana na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka kafa hukumar ɗakunan karatu ta ƙasa, tun 1950, kuma babban ɗakin karatu na yankin Asante na nan a harabar Cibiyar Al'adu ta Kumasi, hukumar ma ta sa wa 2019 suna shekarar karatu. Sai dai wace uwa ce za ta bar tallarta ta ɗauki ɗan shekara biyar daga Anloga, ta ratsa cunkoson Kejetia, don a karanta masa labari da Turanci? Ɗakin karatun da zai amfane mu shi ne wanda ke cikin unguwa: aji guda a makarantar Islamiyya, ko zauren wani mai hali, ko ɗakin taron ƙungiyar matasa, da kanta ɗaya ta littattafai da tabarma biyu. Irin wannan wuri ba ya jiran Bature, amma yana bukatar abin da zai zaunar da yara talatin wuri guda su yi tsit, a nan ne allon ke da rana.

Ga yadda ake yinsa, don kada a zaci wani abu ne da sai an yi oda daga Dubai. A nemi falankin filawud mara nauyi, tsawonsa kamar santimita 90, faɗinsa 60, irin guntayen da kafinta ke turawa gefe. A samo tsohon bargo ko rigar sanyi mai gashi daga wurin masu gwanjo, mai launi ɗaya, baƙi ko shuɗi, a wanke, a ja shi sosai a kan falankin a buga ta baya. Kada a tsayar da allon cak, a ɗan kwantar da shi baya kaɗan kamar yadda almajiri ke jingina allonsa a bango, in ba haka ba siffofin za su riƙa zubowa yara na dariya. Siffofin kuma hanya biyu ce. In an sami ƙyallen hular dara, a zana a takarda tukuna, a ɗora a yanka da almakashi mai kaifi, shi ba ya zarewa a baki saboda ba saƙa shi aka yi ba, danne gashin aka yi. In ba a samu ba, a yanka siffar daga kwalin sabulu ko na taliya, a manna mata ragowar atamfa ko shadda daga shagon tela ta gaba, ta baya kuma a manna guntun sanfefa mai kaushi, ita ce za ta kama bargon. Kowace siffa ta kai girman tafin hannun babba, domin na bayan tabarma ma ya gani. A guji maɓallai da duwatsun ado da ƙaramin yaro zai ɓalle ya jefa a baki. In an tashi a zuba kayan kowace tatsuniya a jakarta daban a rubuta sunanta, a ajiye inda laima ba ta kaiwa, don Kumasi ba Maraɗi ba ce, abin da aka bari a lungu da damina sai ya yi fumfuna.

Ba kowace tatsuniya ke hawa allo ba. Wadda ta fi dacewa ita ce mai jerin gwano da maimaici, inda wannan ke zuwa bayan wancan, kamar labarin da Gizo ya ci bashi wurin dabbobi ya sa musu rana ɗaya, kowane ya zo sai ya ɓuya don tsoron na bayansa. Siffa shida ko bakwai sun isa. Mai ba da labari ta manna kaza, ta tsaya, ta tambaya wa zai shigo yanzu, yara su yi ta ihun muzuru. A ƙarshe ta kwashe siffofin ta miƙa wa yaro guda ta ce ya jera su yadda suka zo. Wanda ya iya wannan ya koyi cewa labari na da farko da tsakiya da ƙarshe, ya koyi riƙe abu a ka, ya koyi tsayawa gaban jama'a ya yi magana, kuma duk waɗannan su ne ƙafafun da karatu ke tsayawa a kai kafin a zo ga baƙi da wasali.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai irin waɗannan siffofi na shirye da ake kawowa daga waje, wani lokaci ma kyauta. Ban ce a ƙi kyauta ba, amma a duba abin da ke cikin kwalin: tuffa, da mutum-mutumin ƙanƙara, da dabbobin da yaronmu bai taɓa gani ko a mafarki ba. Ina raƙumi, ina jaki da mangala, ina ƙwaryar fura, ina huhun goro, ina tirelar albasa? Haka nan haruffan roba da ake sayarwa a kasuwa babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu, kamar yadda babu ɛ da ɔ na Twi. Yaron da zai rubuta ƙofa ko ɗaki sai wani ya zauna ya yanka masa harafin da hannu. Wanda ya iya yanka waɗannan kuma zai iya yanka na ajami, a manna sunan kura da boko a sama, da ajami a ƙasa, yaro ya gane da idonsa cewa karatun safe da na yamma ba abokan gaba ba ne.

Na san maganar da za ta fito daga bakin wasu dattawa, wato hukuncin hoto. Ba zan yi shisshigi a fagen malamai ba, amma sananne ne a littattafan hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yar tsana, har da wani doki mai fukafukai na ƙyalle, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen sassauta abin wasan yara da na koyarwa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya yanka siffar ba ido ba baki, yaro zai gane zaki da gezarsa, raƙumi da tozonsa. A kai maganar gaban limamin unguwa tun kafin a fara, ya fi a fara a zo ana cacar baki a bar yara a tsakiya. Masu cewa zamanin waya ne, me za a yi da tsumma, su ma ina da tambaya gare su: yaron da aka miƙa wa waya ya yi awa biyu yana kallo, kalma nawa ya furta? Waya ba ta tsayawa ta tambaye shi, ba ta kuma jiran amsarsa.

To me ya kawo 'yan kasuwa cikin wannan? Na farko dai 'ya'yanmu ne, kuma mu ne ba ma gida. Wanda ke kwana goma tsakanin Galmi da Kumasi, ko ya yi mako yana jiran takarda a kan iyaka, ba shi da daren da zai zauna ya ce ga ta nan ga ta nanku, kakannin da ke yin wannan aiki kuma da yawa suna can gida Arewa. Na biyu, mu ne muke da hanyar kayan. Mai gwanjo na da bargon da ba zai sayu ba, tela na share ƙyallaye kullum ya zubar, mai kanti na ƙona kwali, kafinta na da guntun falanki da tsohuwar sanfefa. Abin da ya rage shi ne ladan mai zane da ɗan abin sabulu na wadda za ta riƙa zama da yaran, kuma kuɗin allo da kayan tatsuniya goma ba zai kai na buhun albasa guda ba. Mun iya tara kuɗi cikin dare ɗaya in an kama motar ɗan'uwa, mun iya yin ankon biki na unguwa guda. An kafa Asusun Raya Zanguna a 2017, ma'aikatar da aka yi domin zanguna a shekarar kuma aka rushe ta a 2021, saboda haka wanda ke jiran a aiko masa da almakashi daga Accra zai daɗe a tsaye.

Shawarata ga shugabannin 'yan albasa da na masu goro da ƙungiyoyin mata na adashi ita ce kowace ƙungiya ta ɗauki makaranta guda. A nemi tsofaffin matan da har yanzu ke riƙe da tatsuniya a ka, a zaunar da su da 'yan matan da ke koyon ɗinki, tsohuwa na faɗa, yarinya na zanawa tana yankawa, wani ɗalibin sakandare na rubuta labarin a takarda a saka cikin jakar. A ba tsohuwar haƙƙinta, kada a ce mata an gode kawai. Takardun zanen kuma kada a yar, ba su da nauyi, ba kuma kayan da jami'in kwastan zai tsayar da mota a kansu ba ne. Direban da ya sauke albasa zai koma wayam ya tafi da kwafi ya ajiye wa malaman Bawku da Sankasi da Gaya da Birnin Ƙonni, in zai dawo ya taho da nasu, domin tatsuniyar da aka manta a Kumasi wataƙila tana nan a bakin wata tsohuwa a Illela.