Ruwan Jibia ba a sama kaɗai yake ba, yana ƙarƙashin ƙafarmu

Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Duk lokacin da aka ce "dashen bishiya" sai matasanmu su yi tsaki, wai aikin masu ɗaukar hoto ne. Ni kuma ina ganin maganar bishiya maganar ruwan sha ce, musamman a gari irin Jibia.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Jibia na da dam a kan kogin Gada, tun ƙarshen shekarun 1980 aka gina shi, yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 142. Kogin nan shi ne ke tsallaka boda ya zama Gulbin Maraɗi. Watanni kaɗan yake gudu a shekara, sauran lokaci yashi ne fari fat.

A watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe fiye da mutum 40 a Jibia, ya rushe ɗaruruwan gidaje. Allah Ya jiƙan su. To amma da bazara ta zo, a yankin nan dai za ka ga yara da jarkoki da 'yan garuwa na tura kura. Ruwa ya yi yawa har ya ci rai, sannan kuma ya yi ƙaranci. Abu ɗaya ne ya haifi biyun.

Ƙasar da aka aske ba ta shan ruwa. Idan babu ciyawa, babu saiwa, rana ta gasa ta ta yi ɓawo, ruwan sama sai ya zame a kanta kamar a kan siminti. Ya kwashi ƙasa da shara da kashin dabbobi da na mutane, ya zuba a kogi da dam. Dam ya riƙa cika da laka, rijiya kuma ba ta samu komai ba, don ruwan bai tsaya ya nutse ba.

Burtsatse ba ya ƙirƙirar ruwa, zuƙo shi yake yi. Ɗan siyasa zai iya haƙa maka guda goma da sola da tanki mai fenti. In ba a mayar wa ƙasa abin da ake zuƙa ba, wata rana famfon zai riƙa fitar da iska.

Yanzu ku tsallaka Magama, ku wuce Ɗan Isa, ku shiga jihar Maraɗi. Mutane ɗaya ne da mu, yare ɗaya, ƙasa iri ɗaya. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin gona a can, ya gaji da dasa bishiyoyin da ke mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa.

Dabarar ba ta da tsada ko kaɗan. Ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututturen, ka sare sauran, ka tsare shi daga akuya da gatari. Shi ke nan. Ba gandun reno, ba ban ruwa, ba kwangila. Manoman can suka kira shi sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili kusan hekta miliyan 5 a Nijar, ciki har da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana.

A jihar Tawa kuma ramukan tassa da rabin wata aka yi, waɗanda ke tare ruwa a kan fako har ya nutse. A ƙauyen Batodi da ke yankin Illela an ruwaito cewa ruwan rijiyoyi ya taso da kusan mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka kama lambu da rani. Ku duba fa, da fartanya da diga aka yi wannan.

Kar wani ya ce na ce a cika ko'ina da bishiya. Bishiya ma tana shan ruwa. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2016, ya nuna ruwa ya fi nutsewa inda bishiyoyi ke warwatse daidai wa daida, ba a fili tsirara ba, ba kuma a daji mai duhu ba. Wato irin gonar kakanninmu ce, gawo nan, kuka can, ɗorawa a gefe. Wanda ya jera turare a bakin rijiya ya ce ya yi aikin sauyin yanayi, ni ban yarda da shi ba.

Kuma ruwa ya samu ba shi ne ruwa mai tsafta ba. Yashi da ƙasa suna tacewa, gaskiya ne. Amma in masai na kusa da rijiya, ko ana bahaya a bakin kogi, ko rijiyar a buɗe take kowa da gugarsa, kwalara ba ruwanta da yawan bishiyoyinka.

Kuɗi dai akwai su a takarda. Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall, tana kuma cikin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021. Bashi ne, mu za mu biya. Don haka in an zo ana lissafa mana tsirrai nawa aka raba, mu tambaya nawa suka kai shekara uku da rai, kuma gaba nawa ake samun ruwa a rijiyar garin bana, nawa bara. Igiya da biro sun isa a auna wannan, ɗalibin sakandare ma zai iya.

Na san abin da za ku rubuto: "Malam, wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa ina zai ga kututture?" Wallahi kuna da gaskiya. Ƙauyuka sun watse, mutane sun taru a cikin gari, kowa na bukatar itace da gawayi, bishiyoyin da ke kusa da gari su ke shan gatari. Ba zan ce wa wanda ba shi da abin dafa tuwo ya bar itace ba. Amma sassabin zamani da kansa yana ba da itacen girki daga rassan da ake ragewa, kuma ana iya farawa da gonakin da ake iya zuwa, da bakin kogi, da gefen dam.

Sai masu tifa. Yashin da ke kwance a kogi da rani ma'ajiyar ruwa ce, shi ya sa in ka tona kaɗan ruwa ke tsattsafowa. Ana kwashe shi ana gini da shi, ba wanda ke ƙirga tifa nawa ta fita.

An rufe bodar nan a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Kogin bai tsaya ko sau ɗaya ba. Abin da muka yi wa ƙasa a Jibia mutanen Madarunfa ne ke karɓa, ambaliya ce ko fari. Ni da za a ji tawa, a ɗauki manoma talatin daga ƙauyukanmu a kai su gonakin Maraɗi su yi kwana uku, manomi ya nuna wa manomi. Kuɗin motar bai kai na taron otal guda ɗaya a Abuja ba.