Ɗanyen itacen sassaƙa a Konni, Malbaza da Illela: kasuwar da doka ba ta buɗe wa ƙofa sosai ba

A kasuwar Laraba ta Birnin Konni, da kasuwannin Galmi da Badagishiri, ba a rasa ɓangaren da ake jera turame da taɓare da alluna da ƙotocin fartanya. Kowane turmi a cikinsu gindin bishiya ne da aka sara tana ɗanya. Cinikin wannan itace tsakanin mai gona da masassaƙi shi ne ɓangaren sana'ar da aka fi yi a ɓoye, kuma a kansa makomar sana'ar ta rataya a gundumomin Konni da Malbaza da Illela na jihar Tawa.

Me ya sa sai ɗanye?

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga masassaƙi wannan zancen aiki ne. Itacen da ke da ruwa a jikinsa yana karɓar gatari da gizago cikin sauƙi. Idan ya bushe ya kan yi tauri, ya dakushe kayan aiki, kuma sau da yawa ya riga ya tsage kafin a taɓa shi. Shi ya sa masassaƙi kan sayi bishiya a tsaye, ya kayar da ita, ya fafe cikin turmin tun a wurin domin rage nauyi, sannan ya ɗora a amalanke. Sauran aikin a gida ake ƙarasa shi, a bar kayan ya bushe a hankali cikin inuwa don kada ya tsage.

Kuma ba kowace bishiya ke yin kowane aiki ba. Ƙirya ce aka fi so wajen turmi da taɓarya saboda ƙarfinta da jure wa gara. Da aduwa ake sassaƙa allon makarantar allo. Danya tana da laushi, ta dace da akushi da kujera. Masassaƙi yana neman takamaiman iri, kuma mai kaurin gindi, wato bishiyar da ta shafe shekaru masu yawa tana girma.

Doka ta fi sanin busasshen itace

Dokar gandun daji ta 1974 ta sanya wasu itatuwa ƙarƙashin kariya ta musamman, ciki har da gawo da aduwa da danya da tsamiya da kuka da madobiya. Doka mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, wadda ta maye gurbinta, ta ci gaba da hana sare irin waɗannan itatuwa sai da izinin jami'an gandun daji.

A ɗaya ɓangaren, dokar watan Agustan 1992 ta kafa tsarin kasuwannin itace na karkara, inda ƙauyuka ke sayar da itace bisa ƙa'ida, ana raba harajin tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali. An gina wannan tsari ne domin itacen girki da ake kai wa manyan birane irin su Yamai da Maradi da Damagaram. Masassaƙin da ke buƙatar gindin bishiya ɗaya mai rai bai samu gurbi mai kyau a cikinsa ba.

Sakamakon haka a bayyane yake. Cinikin da ake yi cikin fargabar tara ba ya ba mai gona damar taya kayansa da daraja. Zai so a sare da sauri a kwashe, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Masassaƙi kuma yana sanya kasadar kamu cikin lissafinsa, ya rage abin da zai biya. A ƙarshe, bishiyar da ta fi kowace daraja a gona ita ce ta fi jawo wa mai ita ciwon kai, kuma babu wanda zai yi marmarin renon wata a gurbinta.

Ba masassaƙi ne ke cinye daji ba

Idan ana maganar yawan itacen da ake sarewa a Nijar, murhu ne ke kan gaba, domin mafi yawan gidaje da itace da gawayi suke girki. Iskar gas da matatar man Damagaram ke samarwa tun 2011 ta fi isa ga mazauna birni. Ƙidayar 2012 ta nuna al'ummar ƙasar ta haura miliyan 17, tana ƙaruwa da kusan kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Gonaki na faɗaɗa, kuma a yankin Konni da Galmi, inda noman albasa da noman rani suka yi ƙarfi, ƙasar noma tana da tsada.

Illar sassaƙa ta wani fanni ce dabam. Tana zaɓen manyan itatuwan da ke zubar da iri. Ƙirya misali ce: tana jinkirin girma, ƙwayarta na da ɓawo mai tauri da ke hana ta tsira da wuri, makiyaya na sassabe rassanta don dabbobi, maƙera kuma gawayinta suke so. Idan aka sare uwayen, babu ƙananan da za su gaje su cikin shekara biyar ko goma.

Iyaka da canjin kuɗi

Birnin Konni na da tazarar 'yan kilomitoci ne da Illelar jihar Sakkwato, wadda sunanta ɗaya da Illelar Tawa amma garuruwa biyu ne dabam. Duk kayan da ke ratsa wannan iyaka, har da na itace, suna jin tasirin siyasa. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Faɗuwar darajar naira tun tsakiyar 2023 ta sa kayan Nijeriya sun yi araha ga mai riƙe da sefa, lamarin da ke nufin masassaƙin Konni na gogayya da kayan da suka fito daga wuraren da daji ya fi kauri, ga kuma roba da kwanon silba da injin niƙa da suka rage masa kasuwa.

Yammacin Afirka ya riga ya ga abin da ke faruwa idan buƙata ta fi ƙarfin daji. Fitar da madobiya zuwa ƙasar Sin ya yi tsanani har yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinta daga Janairun 2017, kuma a 2022 aka dakatar da fitar da ita daga ƙasashen yankin.

Darasin da ke kusa da gida

Nijar na da nata misalin nasara. Tun daga 1975 aka dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin kare gonaki daga iska, daga baya mutanen ƙauyukan suka riƙa yanke rassan bisa tsari suna sayarwa. A Maradi kuma, daga shekarun 1980, manoma suka rungumi renon tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, hanyar da Tony Rinaudo ya yi fice wajen yaɗa ta. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Abin da ya motsa manoman shi ne tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne. A Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tsara wannan aiki, ya kuma amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena.

Abin da ya rage shi ne wannan haƙƙi ya kai ga cinikin itacen sassaƙa. Idan ƙananan hukumomi irin su Tsarnawa da Dogerawa da Tajaye suka yi rajistar masassaƙansu, aka sauƙaƙa takardar izinin sare bishiya ɗaya da kuɗi sananne da rasiɗi, aka ɗaura kowane izini da renon wasu 'yan itatuwa na irin wadda aka sare, mai gona zai iya yin ciniki a fili ya sayar da tsada. Gandunan renon itatuwa da ake shiryawa don bikin dashe na 3 ga Agusta su ma za su iya ba ƙirya da aduwa da danya gurbi kusa da dogon yaro.

'Yan jihar Tawa da ke ci-rani a Abijan da Legas da Libiya na cikin masu aiko da kuɗin kayan ɗakin amarya, wanda turmi da taɓarya ke ciki. Yawancinsu suna da gonar gado a gida. Ƙiryar da aka bari ta girma a wannan gona jari ce da ba ta cin abinci, amma sai doka ta ba mai ita damar sayar da ita da rana tsaka kafin ya ɗauke ta a matsayin dukiya.