Sauri Ya Haifi Nawa: Darasi Daga Babbar Kwamfuta

Tun shekarar 1964, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da System/360, manyan kwamfutoci suka zama ginshiƙin aikin bankuna da kamfanonin jiragen sama. Irin wannan na'ura, ɗaruruwan ma'aikata ne ke amfani da ita a lokaci guda. Saboda haka ko manhajar gyaran rubutu, wadda girka ta ba dole ba ne, ba a ɗora ta da ka.

A tsarin z/OS na IBM, manhajar SMP/E ce ke kula da wannan aiki, kuma matakai uku ne. Da farko a karɓi sabon ɓangaren a adana. Sannan a ɗora shi, a daidaita shi da bukatun ma'aikata, kamar tsawon layi, wanda galibi gurbi 80 ne, gadon katin da ake hudawa a da. Na uku shi ne tabbatarwa. Kafin a tabbatar, ana iya cire shi a koma yadda ake. Bayan haka kuwa, bakin alƙalami ya bushe.

Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne a kan ƙaramin abu. Ba haka ba ne, domin kuskure guda na iya tsayar da aikin kowa, har da biyan albashi. Shi ya sa ƙwararren injiniya kan jinkirta mataki na uku sai ya gwada ya gamsu.

Ya kamata malaman kimiyya su cusa wa ɗalibai wannan ɗabi'a: kafin a taɓa na'ura, a tanadi hanyar komawa.