Kafin ku kai yara hutu bakin ruwan Nguru da Gashuwa



A makon jiya wata Hajiya da ta saba sayen maganin hawan jinin maigidanta a kantinmu ta tsaya bayan an sallame ta, ta miƙo mini wayarta. Hotunan ƙanenta ne da ke karatu a tsibirin Saifurus, can cikin Bahar Rum, yana tsaye a bakin teku. Ta ce, "Likita, yaran nan sun tasa ni a gaba sai an kai su irin wannan wuri a hutun Disamba. Da muka lissafa kuɗin biza da na jirgi na mutum shida, ko rabin hanya ba za mu kai ba." Na ce, "Hajiya, ai tsuntsayen da ke ƙetaro wannan tekun kowace shekara Yobe suke zuwa hutu, kuma ba wanda ke tambayarsu biza." Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya nake yi.

Ba zolaya ba ce. Ni haifaffiyar Nguru ce, dangin mahaifiyata kuma suna Gashuwa, don haka hanyar nan na san ta tun ina goye. Daga Haɗeja zuwa ƙasar Bade fadama ce shimfiɗe, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ya ratsa ta Gashuwa. Idan sanyi ya kama Turai, ƙananan agwagin ruwa da wasu tsuntsayen bakin gaɓa sukan ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a nan su tarar da namu na gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Tafkin Nguru da mashigar ruwan Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Matattarar tsuntsaye ta Dagona kuwa, wadda ke ƙasar Bade, ɓangare ce ta gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, kuma Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya tako har can a 1989. Abin mamaki, na san mutanen Kano da suka je Dubai sau uku amma ba su taɓa jin sunan Dagona ba.

Kwana uku sun isa. Ku tashi da sassafe ta hanyar Jigawa, ku kwana a Nguru, ku nuna wa yara tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda layin dogon da ya taso daga Kano ya tiƙe tun 1930, ku zaga kasuwa ku ga bandar kifi da busasshen nama. Washegari ku yi sammako zuwa Dagona, don tsuntsu da hantsi ake ganinsa, idan rana ta take sai ku yi ta kallon ciyawar kachala. Ku nemi ma'aikatan gandun su yi muku jagora. Daga nan Gashuwa ba nisa, tsakaninta da Nguru kilomita sittin ne da 'yan kai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ba lokacin yawo da ƙananan yara ba ne, a Agusta da Satumba kuma ruwa na iya cin hanya. Ku kira wani na can kafin ku tashi ku ji lafiyar hanya, kuma kada ku yi tafiyar dare.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauko maganar a wannan shafi. Ruwan da ya ja ku zuwa can, shi ne kuma abin da za ku fi sa wa ido.

Shekaru uku da suka wuce na tafi da ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na famfo ba. Ya ga sa'o'insa suna ninƙaya a gefen gari, ya roƙe ni, na ce ya shiga iya gwiwa. Iya gwiwar nan ta zama iya wuya, ni kuma ina can ina hira da 'yan uwa. Muka dawo lafiya, kowa ya manta. Bayan kusan wata uku yayata ta kira ni cikin dare muryarta na rawa, ta ce yaro yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsargiya ce. Ni da na karanta ta a jami'a, na rubuta jarrabawa a kanta, ni ce na ba shi izinin shiga.

Mutane da yawa sun ɗauka sai an sha ruwan ake kamuwa da tsargiya. Ba haka ba ne. Ƙwayar cutar tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa mai kwanciya da ciyayi, ta fito ta yi ta yawo a ruwan, idan ta sami fatar mutum sai ta huda ta shiga cikin 'yan mintuna. Ba ciwo, sai dai wani lokaci ɗan ƙaiƙayi. Daga nan sai ta ɗauki makonni tana girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, kuma ƙwayayen da take sakawa su ne ke jawo jinin. Shi ya sa iyaye ba sa haɗa abin da tafiyar da aka yi tun tuni. Har yanzu akwai masu cewa jinin nan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Cuta ce, kuma idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, ga 'ya'ya mata kuma tana taɓa al'aura da mahaifa. Maganinta firazikwantel, irin wanda ake raba wa yara a makarantu, ana auna shi da nauyin yaro ko tsawonsa, kuma yana aiki sosai. Amma ba rigakafi ba ne. Kada ku ba yaro shi ranar da ya fito daga ruwa ku ce kun gama, don bai cika kashe ƙwayar tana ƙarama ba. Idan yaro ya riga ya shiga, ku rubuta ranar, bayan wata biyu zuwa uku ku kai shi a gwada fitsarinsa ko da bai nuna komai ba. Abin da ya fi sauƙi dai shi ne a yi kallo daga gaɓa. Idan ruwan kogi kaɗai kuka samu na wanka, a tafasa shi, ko a ɗebo a ajiye a bokiti kwana biyu kafin a yi amfani da shi.

Za a yi muku tayin shiga kwale-kwale, kuma gaskiya daga cikinsa aka fi ganin tsuntsaye. Sharaɗina uku ne ba na sassautawa: da rana, ba a cika shi maƙil ba, kuma kowane yaro da rigar da ke hana nutsewa. In babu rigar, a haƙura.

Sai sauro. Kada hunturu ya ruɗe ku. A cikin Kano sauro na raguwa da sanyi, amma inda ruwa ke kwance duk shekara ba ya hutu. Ku tafi da gidan sauronku mai magani da igiyar ɗaure shi, kada ku dogara da na masauki. Da magariba a sa wa yara riga mai dogon hannu da safa, a shafa maganin korar sauro a inda ya rage a buɗe, ban da jaririn da bai kai wata biyu ba, shi a rufe shi da gidan sauro kawai. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, wato sai kun dawo gida yara sun koma makaranta. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a wannan tsakani a yi masa gwajin jini tukuna kafin a ba shi magani, kuma a gaya wa likita inda aka je.

Jakar magani ba sai ta yi girma ba. Abu na farko da nake sawa shi ne ƙunshin gishirin ORS guda biyar ko shida da ƙwayar zink, saboda canjin ruwa da abincin hanya sukan ɓata cikin yara. A karanta jikin ƙunshin: yawanci ana zuba shi a lita ɗaya na ruwa mai tsabta, kuma abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zink ana ba yaron da ya wuce wata shida miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai ba rabin haka, kuma a ci gaba ko da gudawar ta tsaya. Abin da ba na so ku ɗauka shi ne Flagyl da jan kafso ɗin nan da aka mayar maganin kowace gudawa. Yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsu. Idan kun ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa shan komai, ko idonsa ya faɗa, maganar ta wuce jaka, asibiti za a nufa. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, Gashuwa ma akwai babban asibiti.

Na biyu farasitamol na ruwa da ɗan kofin awonsa. Ku auna nauyin kowane yaro kafin ku tashi ku rubuta a takarda, domin da nauyi ake bayarwa, miligiram 15 ga kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a yini ba. Yaro mai kilo 12 ke nan zai sha mililita bakwai da rabi na wanda aka rubuta miligiram 120 a mililita 5. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne, kowane gida da girman nasa. Sai bandeji da auduga da maganin wanke rauni, da man kaɗanya ko basilin saboda leɓe da ƙafa.

Ga iyaye maza kuma, musamman mai tuƙi. Duk wanda ya san Gashuwa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi yankin, har gwamnatin jihar ta sa masana suna bincike a kai. Ba na faɗi haka don in tsorata baƙon kwana uku ba. Na faɗa ne don a yankin da ake wannan fama bai kamata mu riƙa wasa da ƙodarmu ba. Mutum ya wuni yana tuƙi, ya ƙi shan ruwa don kada ya tsaya fitsari, ya sauka bayansa na ciwo, sai ya haɗiyi diklofenak ko ibufurofen, ko ya sayi haɗin nan na 'yan tasha da ba wanda ya san abin da ke ciki. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma sun fi yin illa idan jiki ba ruwa, balle ga mai hawan jini ko ciwon suga ko gyambon ciki. A sha ruwa, a tsaya a miƙe ƙafa, in ciwon ya dame ku farasitamol ya isa. Ruwan sha kuwa ku ɗauko isasshe daga gida ko ku sayi wanda kuka amince da shi.

Masu shan magani kullum su ɗauki na kwana uku da ƙarin na kwana uku, a cikin kwalinsa na asali, ba a ƙulle a leda ba. Kada a bar shi a aljihun gaban mota ko kusa da gilashi, mota a rufe cikin rana tanderu ce ko da hunturu. Insulin a sa shi a ƙaramar kula, amma kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, don idan ya daskare ya lalace. Yaro mai asma, abin shaƙarsa ya kasance a jakar hannun uwa, ba a but ba, saboda ƙurar hunturu a can ta fi ta birni kauri. Mai sikila kuma shi ne zan fi tausaya wa da sammakon Dagona: sanyin asuba a bakin ruwa yana ratsa ƙashi, kuma sanyi da ƙarancin ruwan jiki duk suna tayar da ciwon. A sa masa rigar sanyi da hula da safa, a riƙa tuna masa shan ruwa, don da sanyi yara ba sa jin ƙishirwa.

Wata tambaya da ake yawan yi mini ita ce ta yaron da ke amai a mota. A zaunar da shi inda zai riƙa hango hanya, a karɓe wayar hannunsa, kada a cika masa ciki da maiƙo kafin a tashi. Maganin hana aman mota akwai, amma yana sa barci, kuma akwai wanda haɗari ne ga yaron da bai kai shekara biyu ba, don haka ku tambayi mai harhaɗa magunguna kafin ku saya, ku faɗa masa shekarun yaron.

Hajiya dai ta tafi da ORS da zink da gidan sauro biyu, ta ce za ta shawo kan Alhaji. Na roƙe ta in sun je ta riƙo mini bandar kifi. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu amsa wasiƙun da kuka aiko kan tarin yara lokacin hunturu.